Tambaya ta Bakwai

Sun ba ni riga mai tambari
da na'ura mai fuskar gilashi,
suka ce gida talatin kafin la'asar,
kowane kai ki sa shi a gurbi ɗaya.
Gurbi tara ne. Na ƙirga su a mota.

Gida na sha huɗu, bayan tashar Tawa,
Arzika mai gyaran rediyo,
tabarau ɗaure da zaren buhu.
Shekarunka? Ya ce, tun shekarar fara.
Mata? Ɗaya, ta kuma ishe ni.
Baba, tambaya ta bakwai: wace ƙabila?

Ya cire ƙusar da ke bakinsa.
Ya ce, a wane gari?

Nan Tawa ni Ba'adare ne
muddin ban ci bashin kowa ba.
Ran da na ƙi rage kuɗin gyara
sai a tuna uwata ja ce,
a ce Buzu ya tashi da halinsa.
Ita kuwa, Allah ya ji ƙanta,
da kin kira ta da wannan suna
da ludayi ya riga amsa isowa.
Tana da sunan da take kiran mutanenta,
ba ya cikin gilashinki, na sani.

Na je Abalak wurin dangin nata,
suka zuba mini shayi sau uku
suka ce Bahaushe ya zo gaisuwa.
A Kano, ina gadi da rawani,
duk wanda ya tsallako iyaka Buzu ne,
har wani Bazabarme da muke kwana tare.
A Abijan, shekara tara ina dafa kofi,
sunana aboki, sunan ƙabilata aboki.
Can arewa da hamada
babu wanda ya tambayi kakana,
baƙi kawai, aka miƙo mini shebur.

A Yamai kuma wani mai kwalekwale
ya ce da ni, a bakinsu hausa gaɓar kogi ce,
wancan ƙetaren gurma.
Na hau gada da safe ina Hausa,
na sauka ina Gurma, ban ko canza takalmi ba.

Daga bayan zana Dikko ta yi dariya,
tana kaɗa nono a ƙwarya:
Rubuta Kaɗo, yarinya, Kaɗo ne!
Shekara arba'in ina faɗa masa.
Ya ce, kin ji? Ko a gadona baƙo nake.

Na dubi zanen da ke kuncinsa.
Ya shafa, ya ce wannan wasiƙar wanzami ce,
masu iya karanta ta sun ƙare.
Jikokina fuska sumul, kamar sabon faranti.

Na ce, Baba, na'urar ba ta wucewa gaba
sai an taɓa ɗaya.
Ya ce, to ke wanne kika taɓa wa kanki?

Hausa, na ce. Da sauri na faɗa.
Sai na tuna Inna Gaptiya
da ke ƙirga kuɗin ƙuli da Barbarci,
ta yi mana faɗa da Zabarmanci,
Hausa kuwa sai za ta roƙi gishiri a maƙwabta.
Ban taɓa tambayar ta ba.
Yanzu tana maƙabarta, ba a tambaya can.

Rediyon hannunsa ya yi tari,
tasha uku suka hau juna
kowace da yarenta.
Bai murɗa ba. Ya bar su.

Ƙasan gurbi taran akwai ƙaramin layi:
saura.
Kalmar da muke kiran tuwon da ya kwana.
Yatsana ya tsaya a kansa.
Ladan ya kira la'asar,
gida sha shida na jirana,
Dikko ta miƙo fura ta ce
sha tukuna, ke ƴar wa ma kike?